Nawa zan sa kuɗin aike? Amsa ga sabuwar mai sayar da kaya ta intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyu ke nan da na buɗe shago a wani dandalin saye da sayarwa na intanet. Ina sayar da kofunan tangaran, matasan kujera da 'yan kunne, duk aikin hannuna. Gurbin da ake cike kuɗin aike ne ya ɗaure mini kai. Na leƙa shagunan wasu na kwafi abin da suka sa, amma cikin oda huɗu da na aika, uku sai da na cika daga aljihuna. Wasu sun ce in mayar da aiken kyauta, wai ciniki zai fi tafiya. Don Allah yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa wa sabon shago albarka.

Abin da ya same ki a oda ukun nan cinikin biri a sama ne. Shagon da kika kwafa, ba ki san girman kwalin da yake amfani da shi ba, ba ki san daga ina yake turo kaya ba, ba ki san ko kamfanin aike yana yi masa rangwame don yana tura ƙunshi ɗari a mako ba. Mai yiwuwa kuma ya riga ya cusa rabin kuɗin aiken a cikin farashin kayansa, abin da kika gani a fili ragowa ne. Wataƙila ma shi kansa faɗuwa yake yi, bai farga ba tukuna. Na sha ganin sababbin masu sayarwa suna kwafar juna, duk suna tafiya a kan lamba guda da babu wanda ya taɓa auna ta.

Tambayoyi biyu kika haɗe wuri guda. Ta farko: nawa ke fita daga hannuna kafin ƙunshin nan ya isa ƙofar mai saye? Ta biyu: nawa zan nuna wa mai saye, kuma ta wace siga? Ta farko sikeli da tef ne ke amsa ta, babu ra'ayi a ciki. Ta biyu dabarar kasuwa ce, kuma a nan ne maganar “kyauta” take shigowa. Duk wanda ya taɓa ta biyu bai gama da ta farko ba, zai yi ta cikawa daga aljihu kamar yadda kika yi. Don haka zan fi daɗewa a kan ta farko.

Ki ɗauki kofi ɗaya ki shirya shi kamar yanzun nan za a zo karɓa. Ki naɗe shi da leda mai kumfar iska zagaye biyu ko uku, ki cusa takarda a cikinsa da kewayen mariƙinsa, ki sa a kwali, ki cike gefe da gefe, ki jefa katin godiya in kina sakawa, ki liƙe sama da ƙasa da salatif. Sai ki ɗaga kwalin ki girgiza shi kusa da kunnenki. In kin ji wani abu ya motsa, da sauran aiki. In kin ji shiru, ki ɗora shi a sikeli ki rubuta giram nawa ne, sannan ki sa tef ki auna tsawo, faɗi da tudu daga waje, har da inda kwalin ya ɗan kumbura. Za ki ga kofin da yake giram 350 shi kaɗai ya haura rabin kilo. Haka za ki yi wa matashi, haka za ki yi wa 'yan kunne, ki rubuta kowanne a littafi ko a waya. Ƙaramin sikelin dijital mai nuna giram ɗaya-ɗaya ya ishe ki. Sikelin auna nauyin mutum ba zai yi ba, don a wurinsa giram 400 da 600 kusan duk ɗaya ne.

Dalilin wannan ƙwaƙƙwafi shi ne farashin aike hawa-hawa yake, kamar matakalar bene. Inda aka yanka iyaka a rabin kilo, ƙunshi mai giram 495 da mai giram 505 ba kuɗinsu ɗaya ba, alhali bambancinsu bai wuce nauyin katin godiya da ɗan salatif ba. Kauri ma yana da nasa matakin. A Birtaniya, misali, gidan waya na Royal Mail yana karɓar abu a matsayin babbar wasiƙa in bai wuce santimita 35.3 a tsawo, 25 a faɗi, 2.5 a kauri ba. Da zarar kauri ya haura 2.5, ya fita daga wasiƙa ya koma ƙunshi, kuɗi ya yi tsalle. Shi ya sa masu sayar da ƙananan kaya a can suke ajiye wani faranti na roba mai tsaga, su zura ambulan ta ciki. In ya wuce salin alin shi ke nan, in ya maƙale a sake shiri. Kusan kowane gidan waya yana da irin wannan iyaka, lambobin ne suke bambanta. Ki nemi ta wurin da kike aikawa. Ina zargin 'yan kunnenki a ɗan akwati mai kyau kike saka su. In akwatin ne ke tsallakar da ke zuwa mataki na gaba, ki maƙala su a kati mai kauri, ki sa a ambulan mai laushi a ciki, ki ajiye akwatin ga wanda ya nemi a naɗe masa don kyauta, ya biya kuɗinsa daban.

Matasan kujera su ne na fi jin tsoro a cikin kayanki, kuma zan iya cewa a kansu kika fi yin ciko. Kamfanonin aike ba nauyi kaɗai suke sayarwa ba, har da wuri a cikin mota da jirgi. Motar da aka cika da auduga ta cika, ko da direba bai ji nauyi ba. Saboda haka suna lissafa nauyi na biyu daga girman kwali: tsawo sau faɗi sau tudu a santimita, a raba da wata lamba. DHL Express da 5000 yake rabawa, haka FedEx da UPS a aiken ƙasa da ƙasa. A jigilar kaya ta jirgin sama 6000 aka saba da ita. Masu awo da inci da fam a Amurka da 139 suke rabawa a UPS da FedEx. Duk wanda ya fi yawa tsakanin nauyin sikeli da nauyin girma, a kansa za a caje ki. Da can manyan kwalaye kaɗai abin ya fi shafa a jigilar mota, sai a 2015 kamfanonin biyu suka shimfiɗa shi a kan kowane ƙunshi.

Ga yadda yake a aikace. Matashi mai giram 700 a kwali mai 40 da 40 da 20: in kin ninka ya ba ki 32,000, ki raba da 5000, kilo 6.4 ke nan. Kin auna ƙasa da kilo ɗaya, za a caje ki kusan shida da rabi. In kika matse shi a leda mai ƙarfi, kika zuƙe iskar har kaurinsa ya dawo santimita 6, lissafi ya koma 9,600, wato kilo 1.92. In kuma rigar matashin kaɗai kika sayar, mai saye ya nemi cikon a inda yake, kin fita daga matsalar gaba ɗaya, don rigar za ta linke ta shiga ambulan. Da yawa daga masu wannan sana'a haka suke yi, suna rubutawa ɓaro-ɓaro a kan hoton farko cewa riga ce kawai ban da ciko, don kada a yi rigima daga baya.

Ni ma da kuɗina na koyi wannan darasi. A farkon shigata na taɓa tura 'yan tsana masu cikon auduga guda shida a kwali ɗaya. Na auna kilo biyu, na sayi takardar aike ta kilo biyu a intanet, na liƙa, aka karɓa ba a ce mini komai ba. Ina ta murna. Bayan kwana goma sai ga saƙon ƙarin caji. Ashe a ma'ajiyar kamfanin kwali yana bi ta ƙarƙashin na'urar da ke auna shi ta kowane gefe: 50 da 40 da 40, kilo 16. Ribar 'yan tsanan shida ta tafi, har ta ci wani abu daga uwar kuɗi. Babu wanda ya cuce ni, a rubuce yake cikin sharuɗɗansu, ni ne ban karanta ba. Don haka karɓar ƙunshi a kantar kamfanin ba ta nufin an gama lissafi.

Kofi ma wannan lissafi yana taɓa shi, ta wata fuska. Kwali mai 15 ta kowane gefe giram 675 ne a lissafin girma. In kika ce sai kin sa kwali cikin kwali don tsoron fashewa, na wajen ya zama 20 ta kowane gefe, kin koma kilo 1.6. Kariya tana da farashi. Duk da haka ban ba ki shawarar ki tsuke a nan ba. Kofin da ya isa a farfashe, kin yi asarar kofin, kin yi asarar kuɗin aike, za ki sake tura wani, ga hoton tarkace a shafinki da tauraro ɗaya, wato mafi ƙarancin makin da mai saye ke ba shago, a ƙarƙashinsa. Ki bar kamar santimita 5 na ciko tsakanin kofi da bangon kwali ta ko'ina. Kuma kafin ki sayi inshora ki duba jerin kayan da ba a biyan diyyar fashewarsu, don kamfanoni da yawa sun jera tangaran da gilashi a ciki. Za su karɓi kuɗin inshorar, su biya in ƙunshi ya ɓace, amma in ya fashe su nuna miki sakin layin da ba ki karanta ba.

To, kin san nauyi kin san girma, sai ki nemi farashi na gaske: wuri mafi kusa, matsakaici, da mafi nisa a cikin ƙasar da kike. Ki gwada gidan waya da kamfani biyu. Galibi gidan waya ya fi sauƙi a ƙananan kaya marasa nauyi, kamfanoni kuma sukan fi dacewa in kaya ya yi nauyi. In dandalinki yana sayar da takardar aike a cikinsa, ki duba, don sau da yawa ta fi wadda ake saya a kantar kamfanin aike araha. Amma farashin da ke kanki za ki biya shi za ki sa a lissafi. Kada ki yi lissafi da na rangwame sannan ki je kanta ki biya cikakke. Ki kuma tambayi ƙare-ƙaren da ba sa fitowa a babban jadawali: na man fetur, na kai kaya lungun da ke nesa da hanya, da na lokacin cunkoson ƙarshen shekara.

Kuɗin da kika miƙa wa kamfanin aike ba shi ne duka ba. Kwali kuɗi ne, ledar kumfa kuɗi ce, haka salatif, takarda, tawadar firinta, da abin hawa zuwa inda ake karɓar kaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Hanya mai sauƙi: ki tara rasit na duk kayan shiryawa da kika saya, ki raba da yawan ƙunshin da suka ishe ki. Naɗin salatif ɗaya kwali nawa ya liƙe? Ki ƙirga sau ɗaya ki huta. Kuɗin mota kuma ki raba shi da yawan ƙunshin da kike ɗauka a tafiya guda, abin da zai nuna miki da kansa cewa fita kullum da ƙunshi ɗaya asara ce; ki ware kwana biyu ko uku a mako. Lokacinki ma yana da daraja, sai dai ni na fi son a saka shi cikin farashin kaya. Mai saye yana iya duba kuɗin aike na gaskiya a jikin kwali, in ya ga rata mai yawa zai ji kamar an yi masa wayo.

Sai kason asara. Komai taka-tsantsan, wata rana ƙunshi zai ɓace ko ya lalace. A ce cikin ƙunshi 50 ɗaya yana tafiya haka, kuma maye gurbinsa, kaya da sabon aike, zai ci dala 30. Ki raba 30 da 50, santi 60 ke nan a kan kowane ƙunshi. Waɗannan lambobi misali ne kawai. Bayan wata shida littafinki zai ba ki naki.

Akwai kuma rami guda da ba a cika ganinsa ba sai an faɗa: dandali yana cire la'adarsa har a kan kuɗin aike. A da masu wayo a dandalin eBay sukan sa kaya a dala 1, su lafta kuɗin aike dala 20, saboda a kan farashin kaya kaɗai ake cire la'ada. A 2011 kamfanin ya toshe wannan ƙofa, ya koma cirewa daga jimillar abin da mai saye ya biya. Dandalin Etsy ya bi sahu a Yulin 2018, lokacin da ya ɗaga la'adarsa daga kashi 3.5 zuwa kashi 5 cikin 100 ya kuma haɗa da kuɗin aike, a Afrilun 2022 ta kai kashi 6.5. Amazon ma daga jimilla yake cirewa, kashi 15 a nau'o'in kaya masu yawa. A wasu dandalin akwai ƙarin abin da ake cirewa na karɓar biya ta kati, shi ma a kan jimilla. Ki buɗe bayanin oda ɗaya daga cikin huɗun nan ki ga nawa aka zaftare. A ce duka-duka kashi 10 ne, abin da ke fita daga hannunki kuma dala 10. In kin sa 10, 9 ce za ta iso ki. In kin ce bari in ƙara kashi 10 in sa 11, za a cire 1.10, ki tashi da 9.90, har yanzu da ɗan gibi. Daidai shi ne ki raba 10 da 0.9, ya ba ki 11.11. In kashi 13 ake cirewa, ki raba da 0.87.

Yanzu kina da lamba ta gaskiya ga kowane kaya. Sai tambaya ta biyu.

Wasu dandalin suna iya lissafa wa mai saye kuɗin aike da kansu: ki shigar da nauyi da girman kwali, shi ya shigar da adireshinsa, na'ura ta fitar da farashi. In naki yana da wannan, shi ya fi dacewa da matasai da duk wani kaya mai girma, inda bambancin kusa da nesa yake da yawa. Amma na'ura abin da kika ba ta shi za ta yi aiki da shi. In kin shigar da nauyin matashi tsirararsa, za ta yi miki lissafin asara cikin ladabi. Ki duba kuma ko akwai gurbin ƙara kuɗin shiryawa, ki sa na kwali da ciko a nan.

In babu, ko kuma kina son lamba guda ga kowa, sai ki yi matsakaici mai la'akari da inda masu sayenki suke. A ce cikin oda 10, shida na kusa ne a kan dala 5, uku matsakaita a kan 8, ɗaya can nesa a kan 14. Jimilla 68, a raba da 10, 6.80, sai ki sa 7. Za ki ci riba kaɗan a na kusa, ki yi ciko a na nesa, a ƙarshen wata su daidaita. Tunda oda huɗu kawai kika taɓa yi, ba ki da tarihin da za ki dogara da shi, don haka ki ɗan karkata sama, ki sauko daga baya. Rage kuɗin aike ba ya ɓata wa kowa rai. In akwai yankin da kuɗinsa ya fita daban, tsibiri ko wani lungu mai nisa, ki ware masa nasa farashin, kada oda ɗaya ta cinye ribar goma.

Sai “kyauta”. Masu ba ki shawarar ba su yi ƙarya ba, amma rabin magana suka faɗa. Direba da jirgi ba sa aiki don Allah, dole wani ya biya, ko ke ko mai saye. Amazon ne ya saba wa mutane da wannan kalma: a 2002 ya fara kai kaya ba caji ga wanda sayayyarsa ta haura wani adadi, wanda a lokacin ya tsaya a dala 25, a 2005 kuma ya fito da Prime, tsarin zama mamba da ake kai wa mutum kaya ba caji, a kan dala 79 a shekara. Tun daga nan mai saye ya koyi jin haushin ganin ƙarin kuɗi a shafin biya, har ya bar kwandon sayayyarsa ya tafi. Dandali ma sun san haka. A 2019 Etsy ya sanar cewa a binciken masu saye na Amurka zai fifita kayan da aikensu kyauta ne, da shagunan da suka yi alkawarin haka ga odar da ta kai dala 35. Don haka kalmar tana da tasiri, a idon mai saye da kuma a jerin da kayanki za su fito.

Abin da ake yi shi ne a mayar da kuɗin cikin farashi. Kofi na dala 20 da aike 6 ya zama kofi na 26, aike kyauta. Aljihun mai saye bai ga bambanci ba, zuciyarsa ce ta gani. Amma ki lura da inda wannan dabara take yoyo. Wanda ya sayi kofi uku zai biya 78, alhali in da an ware, 60 ne da aiken kwali ɗaya, wataƙila 9, jimilla 69. Wato kin tsawwala wa mafi alherin masu sayenki. Kuma a jerin bincike kofinki yana nuna 26 a gefen na wani mai nuna 20. Sannan in aka dawo da kaya, 26 za ki mayar cif, kuɗin da kika riga kika bai wa kamfanin aike ya bi ruwa. A wasu ƙasashen ma ko kin ware ba ki tsira ba: a Tarayyar Turai mai saye ta intanet yana da kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma doka ta ce a mayar masa har da kuɗin kawowa na yau da kullum, in ban da kayan da aka yi masa musamman bisa odarsa.

In ni ne ke, ga yadda zan raba. 'Yan kunne in mayar da su kyauta, don kuɗin aikensu kaɗan ne, kusan ɗaya ne ko'ina a cikin ƙasa, zai ɓace a cikin farashi ba a ji ba. Kofuna in sa lamba guda, da ƙaramin ƙari a kan na biyu da na uku. Matasai in bar su a lissafin na'ura, ko in koma sayar da riguna. Sannan in sa iyaka ga shagon gaba ɗaya: wanda sayayyarsa ta kai kaza, aike kyauta. Iyakar ta ɗan ɗara abin da mutum ɗaya ya saba saye, yadda zai ce bari in ƙara 'yan kunne in cike. Kafin ki sanar, ki gwada ta da mafi munin haɗi, wato matasai zalla zuwa wuri mafi nisa, ki ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In ba za ta biya ba, ki cire matasai daga tayin.

Gurbin “ƙarin kaya”, inda ake rubuta kuɗin aiken kaya na biyu da na uku a oda ɗaya, mutane da yawa suna barinsa yadda suka same shi, sai mai sayen 'yan kunne biyar ya ga an ninka masa kuɗin aike sau biyar, ya gudu. Ki shirya kofi biyu a kwali guda ki auna, ki shirya uku ki auna, bambancin shi ne abin da za ki rubuta a nan.

Game da lambar bin sawu, wato lambar da ake duba inda ƙunshi ya kai da ita, ga kofi da matashi babu muhawara, ki sa. In mai saye ya ce kaya bai iso ba, ita ce shaidarki a gaban dandali, in babu ita kusan kullum shi za a bai wa gaskiya. Ga 'yan kunne masu araha kuwa lissafi ne. In bin sawu zai ƙara dala 3 a kan kowane ambulan, alhali sake yin wasu da turawa dala 6 ne kuma sai jefi-jefi ake samun ɓata, ɗaukar asarar da kanki ya fi sauƙi. Sai dai wasu dandalin suna ɗaura alamar amintaccen mai sayarwa a kan yawan odar da ke da lambar bin sawu, don haka ki duba ƙa'idar naki kafin ki yanke. Kwanakin shiryawa kuma ki rubuta abin da za ki iya cikawa ko a makon da ba ki da lafiya. Wanda aka ce wa kwana biyar ya samu a uku, godiya zai yi. Wanda aka ce wa gobe ya samu jibi, ƙorafi zai rubuta.

Ƙasashen waje, shawarata ki rufe su tukuna har ki yi oda ashirin ko talatin a cikin gida, hannunki ya faɗa. In za ki buɗe, ƙasa ɗaya-ɗaya, kowace da farashin da kika nemo mata. Kada ki taɓa danna “duk duniya” da lamba guda. A gidan waya ƙaramin ƙunshi zuwa waje iyakarsa kilo 2 ne, daga nan sai wani aji mai tsada. Za ki cike takardar kwastan, CN22 ga kaya mai ƙaramar daraja, CN23 ga wanda ya fi, da bayanin kaya a fili da lambar rukuninsa. Babbar tambayar ita ce wa zai biya haraji a can. In mai saye ne, a harshen 'yan jigila DAP ake cewa, ki rubuta masa wannan tun kafin ya biya, don babu abin da ke fusata mutum kamar a tsare masa kaya a ce sai ya kawo kuɗin da bai san da su ba. Wani ƙin karɓa zai yi, ƙunshi ya dawo a kan kuɗinki. In ke ce za ki biya tun daga nan, DDP ke nan, sai ki sa shi a lissafi. Dokokin nan kuma ba sa zama wuri ɗaya. Daga 1 ga Janairun 2021 dandali ne ke karɓar harajin sayen kaya (VAT) na Birtaniya a kan kayan da bai wuce fam 135 ba. Daga 1 ga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta soke afuwar da take yi wa kayan da bai kai yuro 22 ba, ta kawo tsarin IOSS, na karɓar harajin tun lokacin saye, ga abin da bai wuce yuro 150 ba. In dandali ya karɓi harajin zai ba ki lamba, in ba ki miƙa ta ga mai aike ba sai a sake cajin mai saye karo na biyu. Amurka kuma, da ta daɗe tana barin kayan da bai wuce dala 800 ba ya shiga ba haraji, ta dakatar da wannan ga duk ƙasashe a ranar 29 ga Agustan 2025, har gidajen waya da dama suka tsayar da tura ƙunshi can na ɗan lokaci. Wani mai saye zai roƙe ki ki rubuta cewa kyauta ce, ko ki rage darajar kaya a takarda. Ki ba shi haƙuri. Sa hannunki ne a kai, laifi ne, kuma in ƙunshi ya ɓace, abin da kika rubuta shi za a biya ki.

Jadawalin da kika yi yau ba zai kai baɗi ba. Manyan kamfanoni kusan kowace shekara suke ƙara farashi a wajen Disamba ko Janairu. Na 2023, UPS da FedEx duk kashi 6.9 suka ƙara a matsakaici. Ki ware shafi guda, kowace oda layi ɗaya: abin da kika caja, abin da kika kashe, bambanci. Ƙarshen wata ki tara. In bambancin yana yawo kusa da sifili, kin dace. In yana ta gangarawa ƙasa, ki nemo kayan da ke jawo shi, galibi ɗaya ne.

In kuma yanzu haka akwai odar da ta shigo a kan tsohon farashin, kin kuma ga za ki yi ciko, ki tura ta haka nan. Kada ki rubuta wa mai saye ya ƙaro kuɗi, kada ki soke. Kuskuren naki ne, dandali yana ƙirga soke oda a kan shago, sabon shago kuma ba shi da tarin yabon da zai rufe ƙorafi ɗaya. Ki tura, ki gyara lambar a daren. In akasin haka ne, kin caji mutum 9 aike ya tsaya a 6, ki mayar masa da abin da ya yi saura bayan kin cire na kwali da la'ada, da ɗan saƙo layi biyu cewa aiken ya zo da sauƙi fiye da yadda kika zata. Ta cikin dandalin za ki mayar, a maɓallin mayar da wani sashe na kuɗi, don ya shiga bayanin odar.